Kafin ku tsinke akwatin zafin buji, ku saurari mai gyaran waya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu in yi magana da direbobi da masu tsofaffin motocin gazuwal, tun da hunturu ya kusa sauka. Sana'ata gyaran wayar mota ce a nan Ngaundere, a yankin Adamawa na Kamaru. Daga Disamba zuwa Fabrairu kukan da ake kawo mana gareji kusan iri ɗaya ne: mota ta ƙi tashi da asuba, an yi ta kiki har batir ya kwanta, sai da yaran tasha suka tura. In na ɗaga bonet, sau da yawa abin da nake tararwa shi ne wayoyi a yanke an naɗe da leda, a daidai gurbin da ɗan akwatin da ke kunna bujin zafi ya kamata ya zauna. In na tambaya wa ya cire, sai a ce wani bakanike ne a Garwa ko a Marwa ya ce wannan kayan Turawa ne, saboda ƙanƙara aka yi shi, mu ƙasarmu zafi gare ta. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin tana cinye wa mutane batir da sitata, wani lokaci har da injin ɗungurungum.

Injin gazuwal ba ya aiki da tartsatsi irin na fetur. Iska zalla yake zuƙa, fistan ya matse ta sau 21 zuwa 23 a tsofaffin injinan nan, alhali na fetur sau tara ko goma ne kawai. Matsar ce ke sa iskar ta yi zafi fiye da digiri 500, sai nozul ya fesa gazuwal, ya kama da kansa. To amma motocin da suka cika hanyoyinmu, irin su Marsandi 200D da 240D da 300D, da Fijo 504 da 505 da 405, da Hilux da Hiace masu injin 2L da 3L da 5L, da Land Cruiser mai injin 1HZ da aka fara yi a 1990, duk ba kai tsaye ake fesa man a kan fistan ba. Akwai wani ɗan ɗaki a cikin kulas, wato kan injin, inda ake tura iskar ta wata 'yar ƙofa, a can man yake fara kamawa. In injin ya kwana, ƙarfen ɗakin nan ya yi sanyi, sai ya shanye zafin iskar kafin man ya iso. Shi ya sa aka cusa buji a kowane ɗaki, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa hita. Bakinsa yana yin jajir, ya kai digiri 850 zuwa 1000, man da ya taɓa shi ya kama, injin ya tashi.

Mai cewa ƙasarmu zafi gare ta, a Garwa cikin watan Afrilu ba zan yi masa musu ba. Motar da ta kwana cikin wannan zafi tana iya tashi ba tare da buji ba. Amma motar haya ba ta zama gari ɗaya. Wadda ta yi lodi a Garwa da yamma ta hau tsaunin nan, a Ngaundere za ta kwana, garin da ke kan tudu fiye da mita dubu sama da teku. Da asubahin Janairu sanyi yakan sauko wajen digiri goma zuwa goma sha biyu, iskar kuma ba ta da nauyi irin ta Duwala, don haka abin da fistan ke samu ya matse ya ragu. Ga man inji ya yi kauri, ga batir ya yi rauni saboda sanyi, sitata tana juyawa a hankali. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, injinan nan sun tsufa. Yawancinsu sun gama aikinsu a Beljiyam ko Faransa ko Jamus kafin a sauke su a tashar jirgin ruwa ta Duwala, suka zo nan suka sha jar ƙurar hanyar Tinyer da Tibati da Banyo har ringi ya cinye. Injin da matsinsa ya ragu ya fi sabo bukatar buji nesa ba kusa ba. Wato mu ne ma muka fi Bature bukatar abin.

Yanzu ga aikin ɗan akwatin, wanda muke ce wa rele. Kowane buji yana jan amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya) goma zuwa goma sha biyar in ya yi zafi, a daƙiƙar farko ma ya fi haka. Injin mai silinda huɗu ke nan yana jan amfiya 40 zuwa 60, mai shida kuwa abin ya wuce nan. Makullin mota da siraran wayoyin da ke bayansa ba za su ɗauki wannan wutar ba, narkewa za su yi. Shi ya sa makulli ba ya ɗaukar kayan da kansa, kamar ɗan kasuwar da ya sauka daga jirgin ƙasa ne a tasharmu, nuni kawai yake yi da yatsa, ɗan dako ya sunkuci buhun. A cikin rele akwai siririyar waya da aka naɗe a jikin ƙarfe. In ka ba da kontak, wato ka murɗa makulli ba tare da kiki ba, wuta 'yar kaɗan, wadda ba ta kai amfiya ɗaya ba, ta bi naɗin nan, ƙarfen ya zama maganaɗisu, ya fizgo wani faifan jan ƙarfe ya haɗa manyan bakuna biyu. Baki ɗaya yana da kakkaurar waya daga batir kai tsaye, ɗayan kuma ya nufi bujin. Ƙarar nan ta “ƙas” da kake ji a ƙarƙashin bonet in ka murɗa makulli, haɗuwar bakunan ce. A motocin Jamus za ka ga lambobi a jikin akwatin: 30 wutar batir ce, 15 wutar kontak, 31 mas, wato jikin mota, 50 kuma ita ce ke gaya wa rele cewa sitata ta fara juyawa. Yaron da ya haddace lambobin nan huɗu ya rage wa kansa rabin wahala.

Da a ce kunnawa kawai rele ke yi, da cire shi bai zama ɓarna sosai ba. Babban aikinsa shi ne sanin lokacin kashewa. Akwai ɗan allo na lantarki a ciki mai ƙidaya daƙiƙu, yana kuma jin sanyi ko zafi. A wasu Marsandi abin jin zafin yana cikin akwatin, a Toyota da Volkswagen kuma daga ruwan injin yake samun labari. In da sanyi ya tsawaita, in injin da ɗuminsa ya gajarta, ko ma fitilar ta ƙifta kawai ta mutu. Ga abin da direbobi da yawa ba su lura da shi ba: mutuwar fitilar nan mai siffar murɗaɗɗiyar waya a gaban direba ba ta nufin buji ya daina aiki. Cewa kawai take yi zafi ya isa, ka tayar. Rele yana ci gaba da riƙewa, in ka yi shiru ka saurara za ka ji “ƙas” na biyu bayan wasu daƙiƙu, lokacin ne ya saki don kada buji ya ƙone in ka shagala da hira. Yayin da sitata ke juyawa ma bujin a kunne yake. A motocin da suka biyo baya, irin Fijo 405 da 306 masu injin XUD, rele yana iya barin bujin a kunne har minti uku bayan injin ya tashi, domin ya rage farin hayaƙi da bugun nan na injin sanyi. Duk wannan lissafi ne ake jefarwa a kwandon shara in aka yanke wayoyin.

Waɗanda suka tuƙa Marsandi na kafin 1980 za su tuna wani tsari dabam. Bujin lokacin lanƙwasasshiyar waya ce a fili, an jera su wuta ta bi ta ɗaya zuwa ɗaya, in guda ya tsinke duka sun mutu. A na farkon ma babu wani akwati mai ƙidaya, direba ne zai ja maɓalli ya riƙe, yana leƙen wata 'yar waya a bayan murfi mai huji-huji har ta yi ja, abin yakan ɗauki rabin minti ko minti guda. Daga baya aka koma bujin da ya yi kama da fensir, mai volt 11, kowanne da hanyar wutarsa, jiran ya dawo daƙiƙa goma ko ƙasa da haka. Amma saurin nan da sharaɗi ya zo. Bujin da ke yin ja da wuri yana ƙonewa da wuri in aka bar shi, shi ya sa aka ɗauke ƙidayar daga hannun direba aka ba wa rele.

Toyota ta kai abin ƙarshe a wasu motocinta na shekarun 1980 da farkon 1990, da tsarin da ta kira Super Glow. Rele biyu ne a nan. Bujin na volt 6 ne, amma rele na farko yana sakar masa cikakkiyar wutar batir na 'yan daƙiƙu don ya yi ja nan take, sai ya saki, na biyu ya karɓa ya bi da wutar ta cikin wani abin rage ƙarfi don zafin ya tsaya daidai. A nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Mutum zai je kasuwa ya ce a ba shi bujin Hilux, mai shago ya miƙo masa wanda zarensa ya yi daidai, ba wanda ya duba lambar da aka buga a jikinsa. In ka sa mai volt 11 a gurbin mai volt 6, kafin ya ɗauki zafi rele ya saki, mota ta ƙi tashi, a ɗora wa rele laifi a cire shi. In kuma ka sa mai volt 6 a motar da aka yi wa maɓallin hannu, kwana kaɗan ya ƙone. Wasu Land Cruiser ɗin ma masu batir biyu ne, volt 24, da nasu bujin da nasu rele dabam. Volt ɗin a rubuce yake a jikin kowane buji, kusa da inda sifana ke kamawa. A goge da tsumma a karanta.

Kwanakin baya wani dattijo ya zo da Marsandi 240D, irin wadda aka yi tsakanin 1976 da 1985, motar fes da ita, ka san ana ji da ita. Kafin ya iso wurina ya sayi sabon batir, an kwance sitata an canja mata gawayi, har an fara yi masa maganar kai famfon gazuwal wurin masu gwaji a Garwa. Ya ce mini, “Malam, in ta tashi lafiya lau take wuni, safiyar ce kawai bala'i.” Na ce, “Alhaji, ai ka gama faɗa mini ciwon. Famfon da ya lalace ba ya warkewa da hantsi.” Na sa yarona ya ba da kontak, na ji “ƙas”, amma fitilar cikin mota ko gezau ba ta yi ba. In buji na jan wuta da gaske, fitilar nan takan ɗan dushe. Na zare baƙin murfin rele a gefen hagu na ɗakin inji. A ciki akwai fis na amfiya 80, ɗan faifan ƙarfe siriri da aka ɗaure da sukurori biyu. A ido lafiyarsa ƙalau. Da na kwance sukuri ɗaya sai ya rabe biyu a hannuna, ashe ya tsage a tsakiya, tsaguwar da ba ta kai kaurin gashi ba. Alhaji ya daɗe yana jujjuya gutsattsarin a tafin hannunsa, sannan ya ce, “Wannan ne ya ci mini kuɗin batir?” Kuɗin fis ɗin bai kai na shayi da burodin da ya saya wa yaran gareji ba.

Gwajin ba ya bukatar na'ura mai kwamfuta. Ƙwan gwaji mai waya biyu ya isa, in da mita ma ya fi. A fara da kunne. In ba a ji ƙarar rele ba, a duba ko wutar kontak na isa gare shi, a duba mas, domin tsatsa a gindin sukuri ɗaya tana iya kashe tsarin gaba ɗaya. In an ji ƙarar, a ɗora ƙwan a kan ƙarfen da ya haɗa kawunan bujin. In akwai ƙara amma ba wuta, to fis ne ko bakunan rele sun ci wuta sun yi baƙi. Irin wannan rele yana ruɗin mutane, yana ta ƙas-ƙas kamar mai lafiya alhali wutar ba ta tsallakewa, ko kuma tana tsallakewa rabi. In mita ta nuna bambancin da ya wuce rabin volt tsakanin shiga da fita, bakunan sun gaji. In wuta tana isowa daidai, saura bujin: a cire ƙarfen da ya haɗa su, a gwada kowanne shi kaɗai. A kan mita, mai lafiya yana nuna wajen om ɗaya ko ƙasa da haka, matacce ba ya nuna komai. Kada kuma a dogara da fitilar gaban direba. Ban da wasu Marsandi da fitilarsu ke ƙin kamawa in buji ya mutu, a yawancin motocin nan fitilar agogo kawai take bi, za ta kama ta mutu a kan lokaci ko da bujin duka sun ƙone.

Ciwon da ya fi ba ni tsoro shi ne rele ya manne. Bakunan su narke su kama juna, ka zare makulli ka shiga gida, buji na can yana ci. Da safe batir babu ko ɗigo, bujin sun kumbura. Kuma daidai wannan ciwon ne masu tsinke rele ke ƙirƙira da hannunsu. Na ga Hiace da ke jigilar 'yan kasuwar shanu zuwa Meiganga an ja mata waya daga batir, an bi da ita ta ramin sitiyari ba fis ba komai, an ƙare da makunnin fitilar ɗaki irin na bango. Direban kirki ne, yana ƙidaya goma ya kashe. Ranar da ya ba ƙaninsa motar, yaron ya kunna ya manta, ya kama hanya. Bakin buji ɗaya ya gutsure ya faɗa cikin silinda, fistan ya yi ta dukansa da kulas. Aikin da sabon rele zai kashe ya koma sauke inji. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ban ma yi maganar gobara ba, domin kakkaurar wayar da ba fis in ta goge jikin ƙarfe, ba abin da zai tsayar da ita sai ta cinye.

Na san za a ce rele na asali yana da wuyar samu kuma da tsada, wanda ake kawowa daga Mubi ko Duwala a sabon kwali ma wani ba ya kai damina. Gaskiya ne, kuma ba na cewa a ajiye mota a rasa abin cefane. Ni kaina ina yi wa mutane maɓallin hannu in akwatin ƙidayar ya mutu an rasa madadinsa, amma da ƙa'ida. Maɓallin ya zama irin wanda in ka ɗaga yatsa yake komawa da kansa. Kada wutar buji ta bi ta cikinsa, shi dai ya tayar da babban rele mai ɗaukar amfiya 70 zuwa sama. Ƙaramin rele na oda ko na fitila, mai amfiya 30, ba sa'an wannan aikin ba ne, robarsa za ta narke. A sa fis kusa da batir, fis na gaske, ban da murɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe. A sa buji mai volt 11, direba ya ƙidaya bakwai zuwa goma ya saki. Wannan dabara ce ta wucin gadi mai mutunci, in an samu akwatin kirki a wurin masu kayan kwance sai a mayar.

Akwai kuma al'adar da nake roƙon a bari. Da asuba a tasha za ka ga an cire bututun iska, wani yana fesa maganin sauro ko yana kanga tsumma mai fetur yayin da direba ke kiki. Mota takan tashi, shi ya sa abin ya bi jiki. Amma waɗannan abubuwa suna kamawa tun fistan bai gama hawa ba, in kuma akwai buji ko ɗaya mai rai da ya yi ja, fashewar ta fi muni. Ƙarar nan mai kama da an buga guduma, ringi ne da ɗan ɗakin kulas ke karɓar dukan. Injin da aka saba masa haka matsinsa yana ƙara raguwa, gobe sai an fesa fiye da na yau. Dogon kiki ma ba kyauta ba ne. Man da bai ƙone ba yana wanke man inji daga bangon silinda ya gangara ƙasa, sitata kuma ba a yi ta don ta wuce daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar a jere ba.

Ga 'yan'uwana masu gyara, musamman yaran da suka fito daga hannun iyayen gidansu kwanan nan: in buji ya kumbura ya ƙi fita, kada a nuna masa ƙarfi. A ɗumama injin, a zuba masa mai, a riƙa juyawa gaba da baya, ko da zai kwana. Wanda ya karye a cikin kulas wahalarsa ta ninka. In ɗaya ya mutu saboda tsufa, a gwada sauran, galibi suna kan hanya. In kuwa sababbi suka ƙone tare cikin ɗan lokaci, kada a sake sayen wasu sai an binciki rele, domin shi ne bai saki ba. Masu shagunan kayan mota kuma, don Allah ku riƙa tambayar lambar inji da volt kafin ku miƙa kaya.

Malam Edita, in da hali a buga wannan kafin Disamba ya shiga. Direban da ke son sanin halin motarsa ya gwada gobe da asuba, injin na sanyi: ya kunna fitilar cikin mota, ya ba da kontak ba tare da kiki ba, ya kalli fitilar ko za ta dushe, ya kasa kunne ya ji ƙarar farko, ya jira ta biyu. In ɗaya daga cikin ukun nan bai samu ba, ya nemi mai gyaran waya kafin ya nemi mai sayar da batir.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani mai gyaran wayar mota,
Ngaundere, Kamaru.